Zuma da Matsarmama: Tarihin Binciken Yadda Ƙagaggen Labari Ke Taɓa Zuciya

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne bin sawun tambaya guda ɗaya, tun daga zamanin Yunanawa har zuwa zamanin na'urorin da ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Tambayar kuwa ita ce, ƙaƙa a ke yi mutum mai cikakken hankali ya zub da hawaye, ko gabansa ya faɗi, ko tsikar jikinsa ta tashi, saboda labarin da shi kansa ya tabbata ƙage ne? Mai tatsuniya ba ta ɓoye wa kowa kome ba, har ta kan rufe da shaida wa masu sauraro cewa ƙarya ta shara musu. Duk da haka yaran da ke gabanta sun matsu da juna sa'ad da Dodo ya fito, kuma a cikinsu akwai wanda ba zai iya zagayawa bayan ɗaki shi kaɗai ba a wannan dare. In an ce ai wannan ƙuruciya ce, to, manya ma haka su ke a gidan silima da bisa shafin littafi.

Aflatun, wanda ya rasu wajen 347 kafin haihuwar Annabi Isa, ya san abin, ya kuma ji tsoronsa. A cikin wata muhawara tasa ya kawo wani mutum mai suna Iyon, wanda sana'arsa rera waƙoƙin Homa a gaban taro. Mutumin nan ya faɗa da bakinsa cewa in ya zo wurin ban tausayi idanunsa su kan cika da hawaye, in ya zo wurin ban tsoro gashin kansa ya kan miƙe, gabansa ya yi ta dukan uku-uku. Amma kuma yana satar kallon jama'a daga bisa dandamali, gama ya san in sun yi kuka ya sami kuɗi, in sun yi dariya ya yi hasara. Watau mutum ɗaya, a lokaci ɗaya, yana kuka da gaske yana kuma lissafin aljihunsa. Aflatun bai tsaya warware wannan ba. Hukuncin da ya yanke a ƙarshen littafinsa na tsarin mulki shi ne, masu waƙar kwaikwayo suna yin ban ruwa ga sashen rai wanda ya kamata a bari ya bushe, saboda haka kada a ba su wurin zama a gari. Almajirinsa Aristo, wanda ya rasu cikin 322, ya sassauta, ya ce wasan baƙin ciki yana ta da tausayi da tsoro ne don ya wanke su. Amma game da tambayar nan ya bar magana biyu waɗanda ba su jitu ba. A littafinsa na rai ya ce in mutum ya gaskata abin tsoro nan take jikinsa ya ke amsawa, in kuwa surantawa kurum ya yi, to, kamar mai kallon zane ya ke. A littafinsa na motsin dabbobi kuwa ya ce tunanin abu kaɗai ya isa ya sa mutum makyarkyata.

Littafin Aristo na shi'iri ya shiga Larabci a Bagadaza ta hannun Abu Bishri Matta, wani Kirista masanin manɗiƙi wanda ya rasu cikin 940, daga Suryananci kuma ya juyo shi. Ba a san wasan dandamali irin na Yunanawa a Bagadaza ba, saboda haka da Matta ya iske sunayen wasannin nan biyu, na baƙin ciki da na ban dariya, sai ya fassara ɗaya da yabo, ɗaya da zambo. Masanan Turai sun daɗe suna yi wa wannan fassara ba'a. Abin da ba su cika kula da shi ba shi ne wani gado dabam wanda ya zo tare da littafin. Malaman Iskandariya na ƙarshen zamanin Rumawa sun jera littafin shi'iri a ƙarshen littattafan manɗiƙi, bayan na burhani da na jidali da na safsaɗa da na hiɗaba, haka kuma mutanen Bagadaza suka karɓe shi. To, tun da ya ke an ce waƙa reshe ce ta manɗiƙi, tilas ne mai manɗiƙi ya faɗi abin da ta ke haifarwa cikin ran mai ji. Burhani yana haifar da yaƙini, jidali da hiɗaba suna haifar da zato, mai ƙarfi ko mai rauni, duk waɗannan kuwa gaskatawa ne, watau tasdiƙi. Waƙa fa? Ba wanda zai ji maroƙi ya kira sarki giwa, ya tafi neman haure a fuskar sarkin. Amsar da suka bayar ita ce, waƙa tana haifar da tahyili, watau sa wa mutum surar abu cikin ransa har ran ya motsa.

Alfarabi, wanda ya rasu a Dimashƙu cikin 950, ya kwatanta abin a littafinsa Ihsa'ul Ulumi da halin wanda ya dubi wani abu mai kama da abin da ya ke ƙyama. Nan da nan ransa ya kan guje shi, ko da ya tabbata ba shi ba ne. Ya ƙara da cewa sau da yawa ayyukan ɗan Adam sun fi bin abin da ya suranta bisa ga abin da ya sani. Ibnu Sina, wanda aka haifa kusa da Buhara wajen 980, ya rasu a Hamadan cikin 1037, shi ne ya kai maganar iyakarta. A wurinsa zance mai tahyili shi ne wanda rai ke miƙa wuya gare shi, ya saki jiki zuwa ga wani abu ko ya takura daga wani, ba tare da tunani ba, ba kuma tare da zaɓi ba. Ko zancen gaskiya ne ko ƙarya ne, wannan wata tambaya ce dabam. Ana iya gaya wa mutum gaskiya ya gaskata, ko gezau bai yi ba. Ana kuma iya gaya masa abin da ya san ƙarya ne, jikinsa ya ɗauka. Misalin da ya kawo ya zama na kowa a bayansa: a miƙa wa mutum zuma, a ce masa wannan ruwan matsarmama ne da wani ya amayar. Launin ya yi kama, kaurin ya yi kama. Mutumin ya san zuma ce, bai canja ra'ayinsa ko kaɗan ba, amma zuciyarsa ta tashi, hannunsa ya koma.

Ya kamata a dakata a kan wannan misali, domin a cikinsa aka cire ƙullin da ya hana Aristo daidaita maganganunsa biyu. Ibnu Sina bai ce an ruɗi mutumin ba, bai kuma ce ya mance na ɗan lokaci ba. Ya bar masa saninsa cikakke, ya nuna cewa akwai wata ƙofa ta biyu wadda zance ke shiga ta cikinta zuwa ga jiki. Da ya ke likita ne, ya ga shaidarta a wurare da yawa. A sashen rai na littafinsa Asshifa'u ya ce mutum na iya tafiya, har da gudu, bisa gungumen da aka shimfiɗa a ƙasa, amma in aka gitta gungumen nan bisa kwazazzabo da ƙyar zai iya rarrafawa a kansa, gama surar faɗuwa ta kama ransa, gaɓoɓinsa kuma suka bi surar. A littafinsa na magani, Alƙanunu, ya koyar da yadda a ke gano wanda ciwon so ya kama: likita ya riƙe jijiyar hannunsa, a yi ta ambaton sunaye, in aka zo kan sunan da a ke nema bugun jini zai rikice. Kalma ce kawai ta shiga kunne, ta fito a tsintsiyar hannu.

Har ma ya nema wa abin mazauni a cikin kai. Bisa ga abin da ya gada daga likitocin Yunanawa, ya ɗauka aikin tunani yana gudana ne cikin koguna uku na ƙwaƙwalwa. A na gaba a ke tara abin da ido da kunne da sauransu suka kawo. A na tsakiya akwai ƙarfin da ke harhaɗa surori, wanda ke iya ƙera mutum mai kai biyu, tare da wani ƙarfi da ya kira wahami, wanda da shi ne tunkiya ke gane ƙiyayya a jikin kyarkeci ba tare da an koya mata ba. A na baya a ke ajiya. Kogunan suna nan, amma ruwa ne a cikinsu, tun cikin 1543 kuma Vesalius, masanin gawa na Turai, ya yi watsi da wannan taswira. Taswirar ce ta faɗi, rabon aikin bai faɗi ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu cikin 1111, ko da ya ke ya yi wa masu falsafa raddi, ya riƙe musu wannan. A cikin Almustasfa ya kawo misalin zumar, ya kawo na mutumin da ba zai iya kwana ɗaki ɗaya da gawa ba alhali ya tabbata ba za ta motsa ba, da na wanda maciji ya taɓa sara, wanda ke zabura in ya ga igiya mai dabbare-dabbare. Bahaushe ya riga ya faɗi na ƙarshen nan game da baƙin tsumma. Daga nan maganar ta gangara cikin ƙananan littattafan manɗiƙi. Abdurrahman Al'ahdari, malamin nan na Aljeriya wanda almajiran zaure a ƙasar Hausa suka fi sani da Ahalari, littafinsa na tsarki da salla, ya yi waƙar manɗiƙi mai suna Assullamu cikin 941 na Hijira, ya lissafa shi'iri cikin hujjojin hankali biyar, masu sharhi kuma suka ci gaba da kawo misalin zuma a wurin. Sai dai a hannunsu ya zama abin hadda, layi ɗaya a ƙarshen babi, a wuce.

A Turai maganar ba ta yi saiwa ba. An juya sharhin Ibnu Rushdi na littafin shi'iri zuwa Latinanci a Toledo cikin 1256, amma da asalin Yunananci ya komo hannun Turawa wajen 1500 sai aka ture shi gefe. Masu nazarin adabinsu suka koma ɗaure tambayar da igiyar gaskatawa. Samuel Johnson ya ce cikin 1765 masu kallo ba su taɓa mance cewa dandamali dandamali ne ba, wasan yana tuna musu ne da masifun da za su iya faruwa. Coleridge ya ce cikin 1817 mai karatu ya kan jingine ƙaryatawarsa da son ransa na ɗan lokaci. Wannan magana ta biyu ta shahara ƙwarai, ko da ya ke tana da rauni a fili, gama ba wanda ke zaɓen tashin tsikar jikinsa.

Masana halitta ne suka sake buɗe ƙofar nan ta biyu. Charles Darwin ya ba da labari cikin littafinsa na 1872 cewa ya tafi gidan namun daji na Landan, ya kanga fuskarsa jikin gilashi mai kauri wanda a bayansa akwai kasa, ya ƙudura a ransa ba zai motsa ba in ta kawo sara. Da ta kawo, sai ya tsinci kansa ya yi tsalle baya yadi ɗaya ko biyu. Cikin 1884 William James na Jami'ar Harvard ya ɗauki irin wannan ya gina ka'ida a kai. Jama'a suna cewa mutum ya ga abin tsoro, ya ji tsoro, sa'an nan ya yi rawar jiki. James ya juya jerin, ya ce gani ne ke ta da jiki kai tsaye, jin wannan tashi na jiki kuwa shi ne tsoron. Cikin shaidun da ya kawo har da sanyin nan da ke bi ta fatar mutum ba shiri sa'ad da ya ke sauraron waƙa ko labarin jarumta. Wani likitan Danmak, Carl Lange, ya zo da kusan irin wannan ra'ayi cikin 1885, aka haɗa sunayensu. Walter Cannon, shi ma na Harvard, ya kawo suka mai nauyi cikin 1927. Ya nuna cewa kyanwar da aka yanke wa jijiyoyin da ke ta da kayan ciki tana nan tana hura hanci tana nuna fushi in ta ga kare, kuma kayan ciki suna da nawa, motsinsu kusan iri ɗaya ne ko a tsoro ko a fushi ko a zazzaɓi. Saboda haka ya mai da asalin abin cikin ƙwaƙwalwa.

Tsakanin waɗannan biyu akwai wani gwaji wanda ya fi kusa da batun labari. Cikin 1924 wani likitan Isbaniya, Gregorio Marañón, ya ba da rahoton mutum 210 waɗanda ya yi wa allurar adiranalin, sinadarin da jiki ke zubawa cikin jini a lokacin firgita. Mafi yawansu bugun zuciya da rawar hannu kawai suka ji. Waɗansu suka ce suna ji kamar suna tsoro, amma a sanyaye, ba tsoron gaske ba. 'Yan kaɗan ne suka fashe da kuka na sosai, su ne kuwa galibi waɗanda ya taɗa musu zancen 'ya'yansu marasa lafiya ko iyayensu da suka rasu. Allura ta ba da jiki a tashe, sai da zance ya zo kana aka sami baƙin ciki.

Daga nan majigi ya zama kayan aiki a ɗakin gwaji. Cikin 1944 Fritz Heider da Marianne Simmel suka nuna wa ɗalibai mata 34 a Amurka wani ɗan majigi na minti biyu da rabi, ba kome a ciki sai zane mai kusurwa uku babba, da ƙarami, da da'ira, suna kai da kawowa a bakin wani murabba'i mai ƙofa. Da aka ce su rubuta abin da suka gani, in ban da ɗaya duk sun ba da labarin masu rai ne, da mugu da masoya da gudu da ɓuya. Cikin 1965 kuma Richard Lazarus da abokan aikinsa a Kalifoniya suka nuna majigin haɗarin ma'aikatar katako, inda injin ke yanke yatsu, katako kuma ya soke wani. Suka riƙa auna zufar fata da bugun zuciya. Waɗanda aka gaya wa tun da fari cewa 'yan wasa ne, ba wanda ya ji ciwo, tashin jikinsu bai kai na sauran ba, amma ya tashi a ko wane haɗari. Sanin ƙarya ce ya rage wutar, bai kashe ta ba.

Abin mamaki, bayan duk wannan ne masu falsafa na Ingila da Amurka suka mai da tambayar ta zama kacici-kacici. Cikin 1975 Colin Radford ya jera magana uku: mutane suna jin tausayin Anna Karenina, matar nan ta littafin Tolstoy, sun san babu ita, ba a kuwa jin tausayin abin da aka san babu shi. Tun da ukun ba za su taru su zama gaskiya ba, sai ya yanke cewa kukan mai karatu rashin daidaiton hankali ne. Kendall Walton ya ce cikin 1978 mai kallon siliman ban tsoro ba tsoro ya ke ji ba, wasan tsoro ya ke yi, shaida kuwa ba ya tashi ya gudu ko ya kira 'yan sanda. An cika mujallu da muhawara a kan wannan shekara da shekaru. Alhali kuwa magana ta uku ce gurguwa, ita ce kuma wadda misalin zuma ya riga ya karya tun ƙarni na 11.

Wanda ya sake yin gwajin zumar, da hannu wannan karo, shi ne Paul Rozin na Jami'ar Pennsylvania tare da abokan aikinsa biyu, cikin 1986. Sun ba mutane alewar cakulan, suka ci suka yaba. Aka kawo irinta sak amma an mulmula ta kamar kashin kare, sai ƙyama ta hana. Aka ce su riƙe wani ɗan faifan roba sabo a leɓe, ba damuwa; aka kawo roba sabuwa mai siffar amai, suka noƙe. Aka zuba sukari daga kwali ɗaya cikin kwalabe biyu a gabansu, aka ba su takardun liƙi biyu, ɗaya an rubuta sukari, ɗaya sunan wata guba, su da kansu suka zaɓi kwalbar da za su liƙa wa ko wace. Da aka jiƙa, da yawa sun fi son shan wadda suka liƙa wa sukari. Rozin ya danganta bincikensa da ka'idodin tsafi waɗanda James Frazer ya tsara tun 1890, musamman ka'idar da ta ce abin da ya yi kama da abu ya zama shi. Watau a littafin tsafi ya nemo wa abin suna, alhali yana da suna a littafin manɗiƙi. Cikin 2008 wata masaniyar falsafa ta Jami'ar Yale, Tamar Gendler, ta ƙaga sabuwar kalma don wannan hali da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da gaskatawa yana saɓa mata, misalinta na farko kuwa gadar gilashin da aka buɗe cikin 2007 bisa babban kwazazzabon Arizona, inda baƙi ke biyan kuɗi, sun amince da ƙarfin gadar, su kuma ƙanƙame ƙarfen gefe. Gungumen Ibnu Sina ke nan, an yi shi da gilashi.

Sauran neman mazaunin abin a cikin kai. Tun 1956 Lawrence Weiskrantz ya nuna a jikin birai cewa wani ɗan ƙulli mai suna amigdala, wanda ke can ciki daura da kunne, ɗaya dama ɗaya hagu, yana da hannu wajen gane haɗari. Daga 1984 Joseph LeDoux ya bi hanyoyinsa a jikin ɓeraye a Niyok. A kan kaɗa wa ɓera wata ƙara tare da ɗan jan lantarki, har ya koyi ƙamewa da jin ƙarar kaɗai. LeDoux ya iske ko an lalata sashen ɓawon ƙwaƙwalwa mai tantance sauti, ɓeran yana koyo, domin akwai gajeriyar hanya daga mararrabar da a ke kira talamas zuwa amigdala. Hanya biyu ke nan, ɗaya mai sauri mai ƙarancin bayani, ɗaya mai nawa mai tantancewa. Misalin da ya bayar a littafinsa na 1996 shi ne matafiyi a daji ya ga wani abu a lanƙwashe bisa hanya, ya ƙame kafin ya gane ko maciji ne ko sanda. An kuma sami wata mace Ba'amurkiya, wadda likitoci suka sakaya sunanta, wata cuta ta gado ta lalata mata amigdala duka biyu. Cikin rahoton 2011 an nuna mata guntayen siliman ban tsoro goma ba ta tsorata ba, ta ɗauki maciji da hannu, alhali majigin ban dariya da na baƙin ciki suna taɓa ta kamar kowa.

Amma fa kada a ɗora wa wannan ƙulli kayan da ya fi ƙarfinsa. Cikin 2013 aka shaƙa wa matar nan iska mai yawan hayaƙin numfashi, ta firgita ƙwarai, ashe ana iya jin tsoro ba amigdala. LeDoux kansa ya komo daga 2012 yana cewa hanyoyin da ya gano na kare kai ne, jin tsoro a rai kuwa aikin ɓawon ƙwaƙwalwa ne. Daɗin daɗawa, gajeriyar hanya tana iya bayyana zaburar mai kallon silima in ƙara ta tashi ba zato, amma ba ta da abin faɗa game da mai karatu. Baƙaƙen rubutu ba su yi kama da maciji ba. Sai an karanta, an fahimta, an suranta, duk ta doguwar hanya, kana gaba ya faɗi. Igiyar Gazali dabam, zumar Ibnu Sina dabam: ta farko kama ce da ido ya gani, ta biyu kama ce da harshe ya ƙaga.

Ta biyun ce aka gwada a Groningen ta ƙasar Holan cikin 2008. Mbemba Jabbi da Christian Keysers da abokiyar aikinsu suka sa mutum 12 cikin na'urar maganaɗisu mai bin gudanar jini a ƙwaƙwalwa. Aka ɗiga musu kwinin a harshe, aka nuna musu fuskar wanda ya kurɓi abu ya yamutsa, aka kuma ba su gajerun labarai na ƙazanta su karanta. A duka ukun wani yanki guda na sashen da a ke kira insula, wanda ke ɓoye cikin ninkin ɓawon ƙwaƙwalwa, ya motsa, sai dai sassan da ya yi hulɗa da su sun bambanta a ko wane hali. Ɗacin da harshe ya ɗanɗana da ɗacin da labari ya kawo sun haɗu a wuri ɗaya, ta hanyoyi dabam dabam. Wajibi ne a auna irin wannan shaida da mudun da ya dace da ita. Mutum 12 ba su da yawa, na'urar jini ta ke bi, jinin kuwa ya kan makara da 'yan daƙiƙoƙi, insula ma tana motsawa a zafi da ƙishirwa da abubuwa barkatai. Galibin waɗanda a ke gwadawa kuma 'yan jami'o'in Turai da Amurka ne, masu karatu a kaɗaice, ba masu sauraro a taro ba.

Akwai wuri ɗaya inda binciken zamani ya nuna katangar da masu manɗiƙi suka gina tsakanin tahyili da tasdiƙi tana yoyo. Su sun nuna rai na motsawa ba tare da gaskatawa ba, wannan kuwa ya tabbata. Abin da aka gano daga baya shi ne, motsin na iya jawo gaskatawar a bayansa. Daniel Gilbert ya farfaɗo da wani ra'ayin Spinoza, masanin falsafar Holan na ƙarni na 17, cewa fahimtar zance da karɓarsa tare su ke zuwa, ƙaryatawa ce aiki na biyu mai bukatar ƙoƙari, saɓanin abin da Coleridge ya zata. Cikin 1993 ya ba mutane rahoton laifi su karanta, aka gaya musu jimlolin da aka rubuta da jan tawada ƙarya ne. Waɗanda aka ɗauke wa hankali da wani aiki suna cikin karatu, sai jimlolin ƙaryar suka shiga hukuncinsu, suka yanke wa mai laifi ɗauri mai tsawo in ƙaryar ta munana shi. Cikin 2000 Melanie Green da Timothy Brock a Ohio suka ba ɗalibai labarin wata yarinya da mai taɓin hankali ya kashe a kasuwa. Aka gaya wa waɗansu rahoton jarida ne, waɗansu ƙage ne. Wannan bai canja kome ba; abin da ya canja ra'ayinsu game da tsaro da tsare masu irin wannan ciwo shi ne zurfin nutsewarsu cikin labarin. Elizabeth Marsh da abokan aikinta kuma, cikin 2003, suka cusa kurakurai na sanin duniya cikin gajerun ƙagaggun labarai, sa'an nan suka yi wa masu karatu jarrabawa. Kurakuran suka fito cikin amsoshi. Cikin 2006 aka gwada yi musu gargaɗi tun kafin su fara, bai hana ba, sai da aka sa su tsaya a ko wace jimla su nemi kuskure kana abin ya ragu, bai kuwa ƙare ba. Da aka tambayi na gwajin farko inda suka sami amsoshin nan, da yawa suka ce ai tun da can sun san su.